Kafin a kira mai gyara: karatun lambobin injin wanki a ƙasar Adar

   Abin da ya tara mu yau ƙarami ne a ido: haruffa biyu ko uku da injin wanki ke haskawa a ɗan allonsa idan ya tsaya cik da kaya a ciki. Uwargida ta ga IE ko 4C ko E18, sai gabanta ya faɗi, a aika yaro ya kira mai gyara, mai gyara ya ce katin da ke sarrafa injin ya ƙone, a shiga neman kati daga Yamai ko Kano. Maganata ɗaya ce, kuma a kanta zan tsaya har ƙarshe. Wannan lamba ba sunan abin da ya lalace a cikin inji ba ce. Rahoto ne injin ke bayarwa cewa ya jira wani abu bai samu ba, kuma a garinmu na Tawa da karkarar Adar, abin da ya rasa yawanci a wajensa yake: a tiyon ruwa, a wayar wuta, ko a hannun wanda ya zuba kaya da omo.

Mu fara da yadda injinan nan ke shigowa ƙasarmu, domin a nan rabin ruɗanin yake. Adar ƙasar 'yan bida ce tun kaka da kakanni. Mutum ya yi shekaru a Abijan ko Libiya ko Aljeriya, ya dawo da abin da zai sauƙaƙa wa iyalinsa aiki. Wani injin ta Ƙonni yake shigowa daga kasuwannin Sakkwato da Kano, wani kuma gwanjo ne da ya gama aiki a wani gida a Faransa ko Jamus ko Baljiyam, aka loda shi a jirgin ruwa zuwa gaɓar teku, ya hau babbar mota ya iso nan. Ɗan littafin da kamfani ke haɗawa da kowane inji, wanda a shafukansa na ƙarshe ake jera lambobin da ma'anarsu, ko dai ya ɓace a hanya, ko yana nan amma cikin Jamusanci ko Italiyanci. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne an ƙera injin ne don gidan da ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi dare da rana, wuta kuma tana tsaye tsakanin volt 220 da 240 ba ta rawa. Da wannan zato aka shirya ƙwaƙwalwarsa, kuma ba wanda ya gaya masa ya canza ƙasa.

Inji mai sarrafa kansa yana aiki ne mataki bayan mataki, kuma kowane mataki da sharaɗinsa da lokacinsa. Zai kulle ƙofa, ya tabbatar ta kullu. Zai buɗe makullin ruwa na lantarki da ke bayansa, ya jira ma'aunin da ke cikinsa ya shaida masa ruwa ya kai inda ake so. Zai juya ganga yana ƙidaya gudunta. Zai kunna ɗan famfon fitar da ruwa, ya jira ma'aunin nan ya ce ganga ta tsane. Sannan ya matse kaya da gudun da ya kan kai juyi 1000 ko 1400 a minti ɗaya. Idan aka kai wani mataki, mintocin da aka ɗiba masa suka ƙare amsa ba ta zo ba, sai ya tsaya ya rubuta lambar matakin. Ku lura da kyau: ba shi da ido a cikin tiyo. Ya san ruwa bai cika ba, amma bai san ko an ɗauke ruwan unguwa ba ne, ko tiyo ya lanƙwashe a bayan bango, ko makullin ne ya mutu. Duka ukun lamba ɗaya yake ba su. Wanda ya ga lambar ya ce ai makullin ne, ya zaɓi mafi tsada cikin dalilai uku ba tare da ya duba sauran biyun ba.

Lambar rashin ruwa ita ce ta fi dacewa mu daɗe a kanta, domin ita ce ta ƙasarmu. LG na rubuta IE, Samsung na rubuta 4E, ko 4C a sababbin ƙirarsa, Bosch da Siemens E17 ko F17, Electrolux da Zanussi kuma E10. Ruwan sama a Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, ruwan da garin ke sha daga rijiyoyin burtsatse masu zurfi ake jawo shi da ƙarfin wuta, a tura shi shato, wato babban tankin gari, daga nan ya bi tiyo zuwa gidaje. Kamfanin SEEN ne ya riƙe rabon ruwan birane daga 2001, sannan NDE ya karɓa a farkon 2024, amma ko wane suna ne a kan takardar kuɗin ruwa, ɗabi'ar ruwa ba ta canza ba: idan gari duka ya buɗe famfo lokaci guda, musamman a bazara, gidan da ke kan tudu ko ƙarshen layi shi ne zai ga ruwa na ɗiga. Irin wannan ruwan yana cika bokiti idan an yi haƙuri. Inji ba ya haƙuri, mintoci kaɗan aka ba shi. Ƙari a kan haka, makullin nan na lantarki yana buƙatar ruwan ya danno da ƙarfi kafin ya buɗe sosai; kamfanoni kan rubuta rabin bar a matsayin mafi ƙaranci, wasu ma bar ɗaya cur.

A nan ne mai tanki a saman ɗaki ke shan mamaki, domin yana ganin tankinsa cike amma inji na cewa babu ruwa. Lissafin ba shi da wuya. Tsayin mita 10 na ruwa shi ke ba da kimanin bar ɗaya. Tankin da aka ɗora a kan soro, mita 3 ko 4 sama da inji, bai kai ko rabin bar ba. Girman tankin bai shiga lissafi ba ko kaɗan, ko lita 500 ne ko 5000, tsayinsa kawai ake dubawa. Saboda haka maganin wannan gida shi ne a ɗaga tanki, ko a sa ɗan famfon ƙara ƙarfin ruwa a gaban inji, ko a yi wanki da asuba lokacin da ruwan gari ya fi ƙarfi. Akwai kuma wata 'yar rariya kamar bakin yatsa a daidai inda tiyo ke shiga bayan inji. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa aka dawo da shi, yashi da tsatsa ke fara isowa, kuma a wannan rariya suke taruwa. A rufe famfo, a kwance tiyo, a zaro ta da filaya a hankali, a wanke da tsohon burushin haƙori, a mayar. Aikin minti goma ne, kuma shi ya kamata a fara yi duk sa'ad da wannan lamba ta fito.

Sai wuta. Tawa na cikin yankin kamfanin wuta na NIGELEC da ya haɗa ta da Maraɗi da Damagaram, wanda babban layinsa ke tasowa daga Katsina ya shigo ta Gazawa. An ƙara da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, amma kowa a ɗakin nan ya ga abin da ya faru sa'ad da Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023 bayan takunkumin ƙungiyar CEDEAO, ba ta dawo da ita ba sai Maris na 2024. Ɗaukewar wuta gaba ɗaya ba ita ce ta fi cutar inji ba. Idan wuta ta tafi a tsakiyar wanki, LG kan nuna PF, wanda ba ya nufin komai illa an katse shi, a danna ya ci gaba. Abin tsoro shi ne wutar da ta zo da rauni, wadda ƙwan fitila ke yin ja da ita, da kuma wadda ke dawowa da ƙarfi fiye da kima. Samsung na nuna wannan da UC ko 9C1 da 9C2, Electrolux da EH0. Waɗannan lambobin kariya ne, injin ya ƙi aiki ne don kada katinsa ya ƙone. Wanda ya yi ta kashewa yana kunnawa don ya tilasta shi, shi ne zai mai da gargaɗi ya zama asara ta gaske. A sa na'urar daidaita wuta mai ƙarfin da ya ishi injin, a zare filogi idan an gama, musamman da damina lokacin tsawa. Masu janareto da masu faranti na hasken rana su san cewa ƙarfen dumama ruwa shi kaɗai na cin kusan wat 2000, alhali juya ganga ba ya cin ko rabin haka. A zaɓi wankin ruwan sanyi. Ruwan da ya wuni a tanki a watan Afrilu a Tawa ba ya buƙatar wani ya dumama shi.

Lambobin da suka rage na cikin gida ne, kuma zan bi su da sauri. Idan ruwa ya ƙi fita, LG zai ce OE, Samsung 5E ko 5C, Bosch E18, Electrolux E20. A ƙasan injin da ke buɗewa ta gaba akwai 'yar ƙofa, a bayanta akwai matatar famfon fitar da ruwa. A nan ake samun dala-dala, ƙwallon dabino, allurar ɗankwali, maɓalli, da yashin da aljihun yara ya kwaso. A shimfiɗa tsumma, a tara kwano, a kwance a hankali domin ruwa zai zubo. Idan inji ya ƙi matse kaya ya nuna UE ko Ub, kaya ne suka dunƙule gefe guda, kamar bargo ɗaya ko darduma ko babbar riga da ta sha ruwa. A buɗe a warware su, a ƙara 'yan ƙananan kaya, a kuma duba ko ƙafafun injin huɗu duk suna taka daɓe. Sud ko 5d kumfa ce ta yi yawa. Omon da muke saye a leda an yi shi ne don wankin hannu, an kuma so ya yi kumfa don mai saye ya ji daɗi, inji kuwa kumfa rikita masa ma'auni take yi. Sai dE ko dC ko E40, wato ƙofa ba ta kullu ba, sau da yawa bakin zane ne ya maƙale. CL kuwa ba matsala ba ce sam, makullin hana yara taɓa maɓallai ne wani ya danna bai sani ba.

Akwai tarko guda da ya kamata masu gyara musamman su kiyaye. Kamfanoni ba su haɗu sun yarda da lambobi iri ɗaya ba. OE a LG na nufin ruwa ya ƙi fita, a Samsung kuwa ruwa ne ya cika ya wuce kima. LE a LG mota ce ta kasa juya ganga, a Samsung yoyo ne. Injinan Haier da Hisense da Midea, waɗanda suka cika kasuwa yanzu, lambarsu kan bambanta daga ƙira zuwa ƙira a cikin kamfani ɗaya. Don haka wanda ya rubuta lamba kaɗai a wayarsa ya nema a intanet zai iya samun amsa ta gaskiya, amma ta injin wani. Dole a haɗa abu uku: sunan kamfani, lambar ƙirar da ke manne a bakin ƙofa ko a baya, sannan lambar da allo ya nuna.

Yanzu bari in saurari masu ja da wannan magana, domin suna da hujja. Na farko zai ce: Malam, a ƙasar da mata ke tafiya rijiya da jaki a Takanamat da Barmu, a garin da 'yan ga-ruwa ke tura bido gida-gida, wa ya damu da injin masu kuɗi? Gaskiya ne gidajen da ke da shi kaɗan ne. Amma injin nan ba a gidan alhazai kaɗai yake ba. Yana ɗakunan shan magani, yana otal-otal, yana shagunan wanki da guga inda samari ke neman abinci. Kuma ƙarancin ruwan shi ne ma dalilin da ya sa batun ya shafe mu. Injin zamani mai buɗewa ta gaba na gama wanki da lita 40 zuwa 60, wato bido biyu ko uku. Idan ya tsaya a tsakiya saboda toshewar matata aka sake daga farko, ruwan ya tafi a banza. Idan kuma aka jingine shi a zaure shekara guda ana jiran katin da lafiyarsa lau, guminsa na bida ne mutum ya jingine, wankin kuma ya koma kan matan gida da 'yan mata.

Na biyu zai ce a bar wannan wahala a sayi inji mai tukunya biyu, wanda ba shi da allo balle lamba. A nan ina tare da shi fiye da yadda yake zato. Ga gidan da ba shi da famfo, ko yake Kalfu ko Afala ko wani ƙauyen Kaita, wannan shi ne zaɓin hankali: da bokiti ake zuba masa ruwa, wutar da yake ci kaɗan ce, ruwan ɗauraya na iya zama na wankin gaba, kuma duk mai gyaran fanka zai iya buɗe shi. Ɗan kasuwar da ya sayar wa irin wannan gida inji mai sarrafa kansa bai yi masa adalci ba. Sai dai rashin lamba ba rashin matsala ba ne. Idan wuta ta yi rauni, mai tukunya biyu ba ya gargaɗi, gurnani zai yi ta yi har motarsa ta yi zafi ta ƙone. Kuma wannan shawara ba ta da amfani ga wanda ya riga ya mallaki ɗayan.

Na uku, wanda ya fi nauyi, daga masu gyara zai fito: kana koya wa mutane taɓa abin da ke haɗa wuta da ruwa, kuma wani lokaci lambar na nufin ɓaci na gaske. Duka biyun haka ne. Makullin ruwa na mutuwa, famfon fitarwa na ƙonewa, gawayin mota na cinyewa a tsofaffin injinan gwanjo, ƙarfen dumama ruwa na yin farin ɓawo a gidan da butar shayi ma ke yin irinsa, ɗan siririn tiyon ma'auni na toshewa har injin ya ba da rahoton da ba daidai ba, kati kuma na ƙonewa. Shi ya sa nake ja iyaka a fili. Abin da mai gida zai taɓa shi ne famfo, tiyo, rariya, matatar ƙasa, yawan kaya, yawan omo, da zare filogi na 'yan mintoci a mayar, kuma duk bayan an raba injin da wuta, da busasshen hannu, da takalmi a ƙafa. Duk abin da sai an kwance murfi da sukudireba, na mai sana'a ne, domin akwai sassan da ke riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Idan jikin inji na jan hannu, ko ana jin ƙauri, ko lambar ta dawo bayan an duba duk na waje, to a tsaya a kira shi. Gidaje da yawa a nan ba su da wayar ƙasa, kuma wannan ya fi kowace lamba haɗari.

Wannan tsari bai rage wa mai gyara komai ba. Yawancin masu gyaranmu a kan firiji da fanka da talabijin suka koyi aiki, sun kuma ƙware, injin wanki ne ya zo musu daga baya ba tare da takarda ba. Idan aka canza kati alhali ƙarfin ruwa ne bai kai ba, an bar jaki ana dukan taiki. Sabon katin da aka jira daga Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, zai nuna lambar da tsohon ya nuna, sunan mai gyara kuma ya ɓaci a unguwa. Wanda ya zo da mitar awon wuta, ya auna filogi, ya buɗe famfo ya ga gudun ruwa kafin ya taɓa sukudireba, shi za a sake kira. A Turai an mai da sauƙaƙa wa masu gyara aiki doka: tun watan Maris na 2021 dole kamfani ya tanadi kayan gyaran injin wanki na tsawon aƙalla shekaru goma bayan fitar da na ƙarshe na ƙirarsa kasuwa, ya kuma ba masu gyara bayanin lambobin. Faransa ta fara manna wa injinan makin sauƙin gyara a shago a Janairun 2021. Bayanin yana nan a rubuce, bai dai iso mu da harshenmu ba.

Saboda haka kirana ga mutum uku ne. 'Yan kasuwar da ke kawo injinan nan, ku tambayi mai saye inda ruwansa ke fitowa da tsayin tankinsa kafin ku karɓi kuɗinsa, kuma kada inji ya bar shagonku ba tare da takarda ɗaya ta Hausa da Faransanci mai ɗauke da lambobinsa ba. Malaman cibiyoyin koyon sana'a na CFM, ku sa karatun waɗannan lambobi da awon wuta da ƙarfin ruwa cikin darasin masu koyon lantarki da aikin famfo. Iyayenmu mata kuma, ku da kuke tsaye a gaban injin, idan ya tsaya ku rubuta lambar ko ku ɗauke ta hoto kafin a kashe shi, ku duba famfo da rariya da matata, sannan a aika kiran mai gyara a gaya masa abin da aka gani.